Tantin mutum ɗaya don kwanan dawa: giram nawa ya kamata maharbi ya goya?

Da zarar ruwa ya ɗauke, ciyawa ta fara ja, maharba sun soma gyaran bindigogi, sai tsohuwar gardamar nan ta sake tashi a zaurukan WhatsApp na matasan mafarauta da masu hawan duwatsu a Jos da Abuja. Wane tanti ya dace da mutumin da zai yi kwana biyu ko uku a dawa, alhali duk abin da ya mallaka a tafiyar a gadon bayansa yake? Wani ya turo bidiyon Bature da tanti mai giram 400, ya ce magana ta ƙare. Wani ya ce ai wanda ake sayarwa a bakin titi ma tanti ne sunansa. Dattawan maharba kuwa murmushi kawai suke yi, su ce, “Yaro, da gwado da wuta muka tsufa a dajin nan.”

Tushen ruɗanin a bayyane yake. Yawancin shawarwarin da ke yawo a intanet daga maharban Amurka suke fitowa, masu bin dabba a tsaunukan Kolorado da Alaska, inda abin tsoro shi ne dusar ƙanƙara da sanyin da ke kisa. Namu dajin da nasa masu gida: kububuwa, kunama, kwarkwasa, sauro, ƙaya, falalen dutsen da turke ba ya shiga, ƙurar hunturu da ruwan marka. Tantin da ya yi zarra a can yana iya zama kayan haushi a tsaunukan Shere da ke kusa da Jos. Don haka tambayar ba ta tsaya ga wanne ya fi rashin nauyi ba. Ina ne za a iya rage nauyin, ina ne kuma rage shi ganganci ne?

Me ake nufi da “mara nauyi”?

A fara gyara wata fahimta. Tantin mutum ɗaya girman ɗaki yake nufi, ba ya nufin mutum ya shiga daji shi kaɗai. A halin da tsaro yake ciki yanzu, kwanan dawa na ayari ne, sai dai kowa ya goya makwancinsa.

Kamfanoni kan rubuta nauyi kala biyu. Na farko shi ne na tantin, da rufinsa, da sandunansa kawai. Na biyu ya haɗa da turaku, igiyoyi da jakunkuna, wato abin da za ka saka a jaka da gaske. Bambancin kan kai giram 150 zuwa 300, kuma ɗan kasuwa ƙaramar lambar yake ɗagawa. Kai babbar za ka nema, in kuwa tantin yana gabanka, a ɗora shi a sikeli.

A taƙaice tantunan mutum ɗaya hawa uku ne. Akwai na ƙasa da kilo ɗaya, kamar Plex Solo na kamfanin Zpacks da ke wajen giram 400, ko X-Mid 1 na Durston da ke kusa da giram 800. Akwai na tsakiya, daga kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi da ’yan kai, irin su Copper Spur na Big Agnes, da Hubba na MSR, da Cloud Up 1 na Naturehike. Akto na kamfanin Hilleberg na ƙasar Suwidin, wanda aka yi domin mugun yanayi, kilo 1.7 ne. Sai na kilo biyu zuwa sama, waɗanda galibi don kafawa kusa da mota aka yi su.

Yanzu a yi lissafi irin na mai goyo. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, kuma mai yawo a rana ba zai sha ƙasa da lita uku zuwa huɗu a yini ba. Bindiga mai baki ɗaya tana wajen kilo uku. Ga abinci, bargo, wuƙa, tocila, in Allah ya ba da sa’a kuma ga nama a hanyar dawowa. Tsakanin tanti mai kilo uku da mai kilo 1.3 akwai bambancin da kafaɗa za ta shaida tun kafin azahar. Amma tsakanin mai kilo 1.3 da mai giram 800, abin da ka rage nauyin ledar fiya wata ɗaya ne, rabin kilo. Wannan rabin kilon kuwa ana biyansa da yadi mai kaurin fatar albasa, da ƙaramin zif, da kuɗi ninki biyu ko uku. Ga maharbin wannan yanki, kilo 1.2 zuwa 1.6 cikakke shi ne inda hankali ya fi kwanciya.

Lambobin da ke jikin jaka

Za ka ga an rubuta 15D ko 20D ko 68D. Wannan kaurin zaren ne: 20D na nufin mita 9,000 na zaren nauyinsu giram 20. Ƙaramar lamba, siririn zare. Wani lokaci kuma 190T ko 210T za ka gani, shi kuma yawan zaren da aka saƙa ne cikin murabba’in inci ɗaya, ba kauri ba. Tantuna masu araha da ke ɗauke da wannan lamba yawanci zarensu mai kauri ne, shi ya sa suke da nauyi. A rufin sama 20D ya wadatar. A ƙasa, inda gwiwa da tsakuwa da ƙaya ke haɗuwa, 30D zuwa 40D ya fi, in ba haka ba sai da shimfiɗar kariya. Duba yadin da kyau, in ka ga saƙar gidan dara a jikinsa, an ratsa zare mai ƙarfi ne don yaga ta tsaya in ta fara.

Lambar da aka fi yi wa gurguwar fahimta ita ce ta milimita, kamar 1,500mm ko 3,000mm. Wasu na zaton yawan ruwan saman da tantin zai jure ne, har su ce tun da Jos kimanin milimita 1,400 take samu a shekara, mai 1,500 ya gama da damina baki ɗaya. Ba haka ba ne. Ana ɗaure yadin a ƙasan bututu, a dinga ƙara ruwa har sai ɗigo ya fara ratsawa. Tsayin ruwan a lokacin shi ne lambar. Matsi take aunawa. Rufin sama kada ya gaza 1,500, kuma ga ruwan Yuli da Agusta mai zuwa da iska, wani lokaci har da ƙanƙara, gara 2,000 zuwa 3,000. Ƙasa kuwa daga 3,000 ake farawa, domin in ka durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa duk nauyinka a kan gwiwa yake taruwa, ya tura ruwa ta cikin yadin. Kuma lambar ta sabon yadi ce, tana raguwa da rana da gugar amfani.

Yadi iri uku ne ke kasuwa. Nailan yana da ƙarfi in aka kwatanta da nauyinsa, amma yana shan ruwa ya saki jiki. Ka kafa shi tsaf da magariba, raɓa ta sauka, tsakar dare ka iske rufin ya yi tumbi yana shafar na ciki. Maganinsa a sake jan igiyoyi kafin a kwanta. Foliyesta ba ya saki haka, ya fi jure rana, kuma ya fi saurin bushewa. Na ukun shi ne Dyneema, wanda ba ya shan ruwa ba ya miƙewa, kuma da shi ake yin masu giram 400 ɗin nan. Kuɗinsa daga dala 500 ne zuwa sama, kuma ba ya son guga. A kan kaifin dutsen Filato da cikin sarƙaƙiya, asara ce mai jiran rana.

A nailan da foliyesta, abin da ke hana ruwa shiga ba yadin ba ne, shafen da aka yi masa ne. Shafe biyu ne: silikon, da wata roba da ake rubutawa PU. Silikon yana da santsi, yana ƙara wa yadi ƙarfi, yana daɗewa. PU ya fi araha, kuma yana karɓar tef ɗin da ake liƙe ɗinki da shi tun daga masana’anta, sai dai zafi da laima suna ruɓar da shi. A ɗakin da ke ɗaukar zafi a Abuja, tantin da aka naɗe da danshi zai fara danƙo, ya yi wari kamar amai, shafen ya dinga ɓarewa kamar saɓar maciji. In ya kai nan ya gama aiki. Wanda aka shafa wa silikon ciki da waje kuma tef ba ya kama shi, don haka sau da yawa yana zuwa da ɗinki a buɗe, kai za ka toshe. Ana kafa tantin, a samo silikon garai irin na masu haɗa gilashi, a tsinka shi da sinadarin tsinka fentin mai har ya yi ruwa kamar zuma, a bi ɗinkin da ƙaramin buroshi, a bar shi kwana guda. Wanda bai san da wannan ba sai ya sha ɗiga a daren farko ya ce jabu aka sayar masa.

Ruwan da ba daga sama ya zo ba

Ga ƙorafin da ya fi kowanne yawa: “Ba a yi ruwa ba, amma na tashi bargona sharkaf.” Tantin bai yi yoyo ba. Abin da ke faruwa da murfin tukunya ne ya faru. Numfashinka, guminka, jiƙaƙƙen takalmi da danshin ƙasa duk suna sakin tururi. Da dare yadin rufin yakan yi sanyi fiye da iskar ciki, tururin ya taɓa shi ya koma ruwa. Da asuba ka ɗaga kai, gashinka ya shafi rufin, ka ji sanyi ya gangaro ta ƙeya. In iska ta kaɗa yadin kuma, yayyafi ne a cikin ɗaki.

A nan ne bango ɗaya da bango biyu suka rabu. Mai bango ɗaya yadi guda ne tsakaninka da sama, don haka raɓar a jikinka take ƙarewa. Mai bango biyu yana da ɗaki na ciki, na raga ko siririn yadi mai shan iska, sannan rufin waje da ke tare ruwa, da tazarar ’yan yatsu a tsakani. Raɓa tana taruwa a rufin waje ta gangara ƙasa ba ta taɓa ka ba. Ƙarin nauyinsa ’yan ɗaruruwan giram ne, kuma yana ba ka abin da ɗayan ba zai bayar ba: a daren bazara, a gangaren Shendam ko dazukan da ke kewaye da Abuja inda zafi ke hana barci, sai ka cire rufin ka kwana a ragar kawai. A ƙasar da watanni da yawa sauro ne matsalar ba ruwa ba, wannan kaɗai ya isa hujja.

Wurin kafawa ma yana da rabonsa. Iska mai sanyi nauyi gare ta, da dare kwari take gangarawa. Wanda ya kafa a fadama, ko bakin rafi, ko gefen kududdufan da haƙar kuza ta bari a Filato, ya kwana cikin raɓa ko da wane irin tanti ne. A ɗan hau tudu kaɗan, ba ƙololuwa ba saboda tsawa da iska. A ɗage gefen rufin daga ƙasa kamar faɗin yatsu huɗu, a buɗe tagar sama, in babu ruwa a bar ƙofar waje rabi a buɗe. Ƙarƙashin itace raɓa ba ta cika yawa ba, amma a ɗaga kai a duba busasshen reshe da gidan zuma tukuna. Busasshen rafi mai yashi mai laushi kuwa tarko ne da damina: ruwan da aka yi a kan tudu, wanda ko hadarinsa ba ka gani ba, shi zai same ka a kwance.

Ɗakin ciki kuma, raga zalla ko yadi? A hunturun Jos raga zalla tana barin iska da ƙura su ratsa, ka tashi da toka a haƙora. Wanda rabinsa na ƙasa yadi ne, sama raga, shi ya fi dacewa da mai yawo tsakanin tudu da gangare. Idon ragar ya zama ƙanana sosai, don akwai ƙananan ƙwari masu cizo da ke wuce ragar gidan sauro ta gida.

Ƙasan tanti: inda ba a ciniki

Maharban Amurka da yawa suna yabon tanti mara ƙasa, mai siffar bukka, wanda ake kafawa da sanda guda a tsakiya har a sa masa ƙaramin murhu. Ba shi da nauyi, yana da fili, mutum na shiga da takalmi. A wurinsu daidai ne, domin lokacin farautarsu sanyi ya kwantar da ƙwari da macizai.

A nan kuwa kowa ya san abin da kububuwa ke yi a Langtang, Kanke, Wase da Shendam. Asibitin Zamko a Langtang da na Kaltungo a jihar Gombe sun yi suna ne saboda yawan masu saran maciji da ake kai musu. Kububuwa da dare take yawo, ƙarama ce, launinta na ƙasa. Ƙara da kunama, da cinnaka, da rundunar kwarkwasa da kan tashi mutum tsaye komai jarumtarsa. Saboda haka ƙasan tanti ya zama ɗinkakke da ɗakin, gefensa ya taso kamar kwano santimita 10 zuwa 15, zif kuma ya rufe ruf ba tare da kafar da yatsa zai shiga ba. Kuma a saba da rufe zif ko fitsari za a fita. Takalmi a shigo da shi cikin leda, in an bar shi waje a kife shi a kakkaɓe kafin a zura ƙafa.

Ƙasa mai kyau ma tana son kariya. Kafin a shimfiɗa, a share wurin da reshe, sannan a bi da tafin hannu a hankali, don tsidau da ƙarangiya da kututturen ciyawar da aka ƙona ba sa ganuwa da yamma. Kututturen nan kaifinsa kamar ƙusa yake. Ba dole sai shimfiɗar kamfani ba, ledar magina mai kauri ko buhun da aka farke suna yi. Sharaɗi ɗaya ne: a yanke ta ta gaza ƙasan tantin da kamar santimita 5 ta kowane gefe. In ta leƙo waje, ruwan da ke zuba daga rufi a kanta zai sauka ya kwanta ƙarƙashinka. A kuma nisanci shuri, gara tana iya huda shimfiɗa a dare guda.

Masu son tampol da gidan sauro na gida suna da hujja a rani, don ya fi komai araha. Rauninsa shi ne ragar ba ta da ƙasa, sai an cusa gefenta ƙarƙashin tabarma ta ko’ina, kuma juyi ɗaya cikin barci ya isa ya buɗe kafa. Gadon lilo mai raga, wanda ake ɗaurewa tsakanin itatuwa biyu, ya raba ka da ƙasa gaba ɗaya, kuma yana da daɗi a kurmin bakin rafi. A kan tudun Filato, inda za ka yi tafiya mai nisa ba ka ga itatuwa biyu kusa da juna ba, kaya ne kawai.

Sanduna, turaku da falalen dutse

Wani tantin yana tsayawa da kansa da zarar an zura sandunansa, turaku don iska ne kawai. Wani kuma sai an ɗaure shi ta ko’ina, kuma da sandar dogarawa ake tokare shi. Na biyun ne ke cin gasar rashin nauyi, domin ba a lissafa sandar. Lanshan 1 na kamfanin 3F UL Gear sanda ɗaya yake so mai kimanin santimita 125, X-Mid kuwa biyu. Maharbin da dama yana riƙe da gora zai iya yanke ta daidai wannan tsayi, ya naɗa tsumma a kanta don kada ta huda yadin. Amma irin wannan tanti rayuwarsa a hannun turaku take, ɗaya ya tuge, ɗaki ya faɗo.

Jos tana sama da mita 1,200, ƙololuwar Shere ta haura mita 1,800, kuma wuraren kwana da yawa a can fa ne ko ’yar ƙasa mai kaurin tafin hannu a kan dutse. Ko inda ƙasa take, marmara da rani tauri take kamar siminti. Shi ya sa mai tsayawa da kansa ya fi sauƙin sha’ani a nan. Inda turke ya ƙi shiga, dabarar ita ce dutse biyu: a ɗaura igiya a ƙaramin dutse, a ja ta, a ɗora babban dutse a kan igiyar gaban ƙaramin, ya zama ƙaramin ya cije ba zai wuce ba. Don haka a ƙara wa kowace kusurwa igiya mita ɗaya tun daga gida. Ko mai tsayawa da kansa ne, kada a bar shi ba ɗauri. Tanti mara kowa a ciki, iska ɗaya ce ta mai da shi balan-balan.

Siraran turakun waya da ke zuwa da tantuna masu araha lanƙwashewa suke a bugu na biyu. A nemi na alminiyam masu kusurwa uku, tsawon santimita 15 zuwa 18, guda takwas zuwa goma. Wasu ƙusa inci shida suke ɗauka, ta fi nauyi amma tana shiga marmara. A kafa turke kansa ya ɗan karkata nesa da tantin, a nitsa shi kusan duka.

Sandunan kansu ko dai faiba ne ko alminiyam. Faiba tana da nauyi, kuma in ta karye tsagewa take a tsaye, ta yanke robar cikinta, ta yaga yadi, ta bar tsini a hannu. Alminiyam, wanda za ka ga an rubuta 7001 ko 7075 a bayaninsa, ko sunan kamfanin DAC na Koriya ta Kudu, lanƙwasa yake fara yi kafin ya karye, kuma ana ɗora shi da ɗan guntun bututun da ke zuwa cikin jakar. Yawancin karaya a mahaɗa take faruwa, in ba a zura gaɓoɓin sun shige juna sosai ba kafin a tanƙwara.

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, hadarin damina ma galibi ta gabas yake tasowa. A juya wa gabas ƙunƙuntar gefen tantin, ƙofa kuma kada ta kalli gabas.

Fili: kai, bindiga da kare

Tsawon ciki kada ya gaza santimita 210, dogon mutum ya nemi 220 ko fiye, domin bangon a karkace yake, yana cinye wurin kai da ƙafa. Faɗi wajen kafaɗa 80 zuwa 100, tsayi kusa da mita ɗaya don a iya zama a sa riga. Ƙofar gefe ta fi ta wajen kai sauƙin fita da gaggawa. Barandar da rufin waje ke yi a bakin ƙofa ita ce ma’ajiyar jaka. Bindiga kuwa ciki take kwana, a kwance gefenka, babu harsashi, nesa da bango mai raɓa, da safe a goge ta da tsumma mai mai. Mai bindigar toka ya sa albarushinsa a gwangwani mai murfi, don danshin dare ɗaya yana kashe shi. In kayan sun yi yawa, tantin mutum biyu mara nauyi ƙarin giram 300 zuwa 500 ne kawai, kuma maharba da yawa can suke ƙarewa.

Kare a waje. Farcensa da ƙasa mai 20D ba sa ga maciji. Nama ma a rataye shi a reshe nesa da makwanci, ƙarnin jini yana kiran kwarkwasa da dila da duk mai yawon dare, kuma in ya shiga yadi ba ya fita.

Sanyi da wuta

Tanti iska da raɓa yake tarewa, ɗumin da yake ƙarawa kaɗan ne. A wasu dararen Disamba da Janairu sanyin Jos kan sauka ƙasa da digiri 10, kuma duk hawan mita 1,000 yana rage kusan digiri shida da rabi, shi ya sa ɗan Abuja da ya zo da zanen rufa yake kwana yana kaɗa haƙori. Ƙasa ce ke zuƙe zafin jiki. ’Yar katifar soso mai tauri, wadda ba ta shan ruwa, ta fi ƙarin bargo amfani.

Abin da ba a yi ko kusa shi ne shigar da kaskon gawayi, kamar yadda aka saba a ɗakunan Jos da hunturu. Gawayi yana fitar da iskar guba mara wari mara launi, wadda ke sa mutum barcin da ba a tashi, kuma tanti ɗaki ne da bai wuce tsayin ƙugu da yawa ba. Risho, kyandir da maganin sauro na kunnawa duk hukuncinsu ɗaya. Nailan narkewa yake ya manne a fata. Wutar hira a yi ta taku goma daga tantin, ta gefen da iska ke nufa, don tartsatsi ɗaya rami ɗaya ne. Da rani, lokacin da ake cinna wa daji wuta, a share ciyawa a kewaye ko a kafa a inda ya riga ya ƙone.

Launi, da idon jama’a

Tanti mai kalar kakin soja yana jan hankalin matasa, amma rigima ce. An hana farar hula amfani da kayan da suka yi kama da na soja, kuma a shingen bincike shi za a fara zarowa daga jaka. Mafi muni, tanti mai wannan kala a ɓoye cikin duwatsu, ga bindiga, duk wanda ya hango ba maharbi zai kawo a ransa ba. Kisan mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 ya nuna inda zargi ke kai mutane. Ruwan ƙasa, ruwan toka ko kore mara haske sun isa. Shuɗi da baƙi suna jan tsando a kurmi. A sanar da mai unguwa da ’yan sintirin yankin kafin a shiga, lasisin bindiga da katin shaida na jiki. Yankari, Pandam da gandun namun daji na Jos kuwa ba wuraren farauta ba ne.

Kafin a biya, da bayan an dawo

A kasuwar gwanjo, irin Katako a Jos ko Karmo a Abuja, akan ci karo da tantin kirki cikin dila. Kada a saya a naɗe. Ka ce, “Alhaji, a yi haƙuri a buɗe mu gani,” ka shinshina shi tukuna. Ka murza cikin rufin da yatsa, in ya yi danƙo ko fari-fari ya biyo hannunka, ajiye. Ɗaga shi ka kalli rana ta ciki, ƙananan huji za su fito kamar taurari. Bi tef ɗin ɗinki da farce ka ga ko yana ɗagowa. Ja kowane zif sau uku. Ƙirga gaɓoɓin sanduna, ka duba bakin kowace ko ta tsage. Sabo ne ko na hannu, a kafa shi a tsakar gida sau biyu, sau ɗaya da dare da tocila, sannan wani ya shiga ciki a yi ta kwara masa ruwa da buta ta kan ɗinki na minti goma.

A daji kada a bar shi a kafe cikin rana yini guda, rana tana cin yadi fiye da ruwa. In an dawo a shanya shi a inuwa har ya bushe ƙayau, a ajiye shi sakwa-sakwa cikin buhun yadi, ba a but ɗin mota ko ƙarƙashin kwano ba. Ba a wanke shi da omo ko a inji, ruwa da soso sun isa.

Abin da ke fara mutuwa a ƙasar ƙura shi ne zif. Ƙurar hunturu tana shiga haƙoransa ta dinga cin kan zif ɗin daga ciki, har wata rana ka ja shi ya wuce, baya kuma ya buɗe. Ba haƙoran ne suka lalace ba, bakin kan ne ya saki. A mai da shi farko, a ɗan matse gefensa biyu da filaya a hankali, a gwada, a ƙara kaɗan in bai kama ba. Wannan zai kai ka ƙarshen tafiya, daga baya masu gyaran jaka su sa sabon kai mai lamba ɗaya da tsohon, lambar tana bayansa. Bayan kowace fita a bi haƙoran da tsohon buroshin haƙori da ruwa. Kada a shafa musu man shafawa ko bakin mai, ƙura suke kamawa.